Dillali da Masu Masauki: Tarihin Girid ɗin Kwamfuta Daga Jeniba Zuwa Gombe

A Gombe, duk wanda ya ji kalmar girid wuta ce za ta zo masa a rai. Babban layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 yana tasowa daga Jos ya sauka a tashar da ke garin, daga nan wutar ta rarrabu zuwa Yola da Jalingo da Damaturu da Maiduguri. Shi ya sa in rediyo ta ce girid ya faɗi, mai walda da mai ƙanƙara da mai cajin waya ba sa neman ƙarin bayani. Sai dai kalmar tana da ma'ana ta biyu, wadda masana kwamfuta suka aro daga ta farko kusan shekara 30 da suka wuce. Sun aro ta ne a ƙasashen da ba a ɗauke wuta.

Tunanin ya tsufa. Tun a 1961 John McCarthy, malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya yi hasashen ranar da za a riƙa raba ƙarfin lissafi ga jama'a kamar yadda ake raba layin tarho. Wanda ya jona fulogi a soket ba ya tambayar ko wutar daga Kainji ta fito ko daga Shiroro. Haka Ian Foster na cibiyar bincike ta Argonne kusa da Shikago da abokin aikinsa Carl Kesselman suka so mai bincike ya zama: ya tura lissafinsa, ya karɓi amsa, ba ruwansa da kwamfutar wace jami'a ta yi aikin. Littafin da suka shirya a 1998, The Grid, shi ya kafa sunan.

Gwajin farko ya riga littafin. A Disamban 1995, don wani taron masana manyan kwamfutoci a San Diego, aka haɗa cibiyoyi 17 na Arewacin Amurka na ɗan lokaci, aka kira haɗin I-WAY. Ja wayoyin bai ba da wahala kamar masu gidajen ba. Kowace cibiya da mai kula da ita, da kalmomin sirrinta, da tsarin da take jera ayyuka a layi, da dokarta kan wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba, kuma babu wadda ta yarda ta rushe tsarinta don baƙin kwana bakwai. Dabarar da aka yi ita ce a ajiye kwamfuta guda iri ɗaya a ƙofar kowace cibiya, ta yi magana da waje da harshen da kowa ya amince da shi, ta juyo ciki ta yi magana da harshen gidan. Daga manhajar da aka rubuta wa waɗannan kwamfutocin ƙofa aikin Globus ya tsiro a shekarar da ta biyo baya.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa sabon abu ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su mallaki gida a kowane zango ba. Suna sauka wurin fatoma, shi ke ba da ɗaki da wurin ajiya, shi ya san sarkin kasuwa da kuɗin da ake biya, shi ke tsaya wa baƙo. Tsakanin mai kaya da mai saye kuma akwai dillali, wanda ba shi da buhu ko ɗaya, ba shi da rumbu, amma ciniki ba ya faɗawa sai da shi. Wanda ya taɓa wuni a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya ga yadda ake yi. Manhajar tsakani irin ta Globus, wadda ita ce ran girid, dillali ce. Ba ta da kwamfuta, ba ta biyan kuɗin wuta, ba ta ɗaukar ma'aikaci. Duk waɗannan na masauki ne, wato jami'a ko cibiyar da ta sayi injunan ta zuba su a ɗakinta. A 2002 Foster da kansa ya sa wannan a matsayin sharaɗi na farko: in duk kwamfutocin na hannun hukuma ɗaya ne, ba girid ba ne.

Ga yadda aiki yake tafiya a tsarin da aka saba da shi a shekarun 2000. Mai bincike yana fara samun takardar shaida ta lantarki, kuma kafin a ba shi sai ya je gaban wani wakili ido da ido da katin shaidarsa. Da ita yake yankar wata ƙaramar takarda ta wucin gadi, wadda galibi awa 12 take yi ta mutu, ya liƙa wa aikinsa. Dillalin ya duba allon da kowane masauki yake rubuta abin da yake da shi, kwamfutoci nawa ne ba sa aiki, wuri nawa ya rage a rumbun bayanai, sai ya zaɓi gida ya tura. A ƙofar gidan a duba takardar, a ga ko ƙungiyar bincikensa tana cikin waɗanda aka yarda da su, sannan a ara masa sunan ɗan gida na ɗan lokaci. Iyakar ikon manhajar tsakani ke nan. Daga ƙofa zuwa ciki aikin ya faɗa hannun manhajar layi ta gidan, ko PBS ce, ko LSF, ko Condor da Miron Livny ya fara a Jami'ar Wisconsin tun a shekarun 1980, ko Slurm daga baya. Ita ce ɗan kamashon tasha: ita ke cewa wa zai yi lodi yanzu, wa zai jira. In mai gida ya ce ɗalibansa su ne gaba, baƙo sai ya yi haƙuri, ko daga ina ya fito.

Wata goma bayan I-WAY, ranar 1 ga Oktoban 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Gombe daga Bauchi ta mai da ita jiha. Sabon babban birnin ba shi da jami'a. Tarho na NITEL ne, a ofisoshi da gidajen ƙalilan, wayar salula ta GSM kuwa sai daga 2001 ta fara shiga ƙasar. Jami'ar Jihar Gombe ta zo a 2004, zamanin Gwamna Muhammad Danjuma Goje. A shekarar ce kuma, cikin Afrilu, Tarayyar Turai ta buɗe shirin EGEE, wanda ya gaji wani shirin gwaji da aka yi daga 2001, ya kuma zama girid ɗin bincike mafi girma a zamaninsa.

Abin da ya tilasta wa Turawa wannan aiki shi ne cibiyar CERN da ke Jeniba. Tana gina injin karo da ƙwayoyin zarra, LHC, a ramin da kewayensa kilomita 27, kuma an lissafa tun da wuri cewa bayanan da zai riƙa fitarwa sun fi ƙarfin ɗakin kwamfuta ɗaya. Akwai kuma dalilin siyasa: ƙasashen da ke zuba kuɗi sun fi son su sayi injuna su ajiye a jami'o'insu da su aika da kuɗin Suwizalan. Sai aka yi tsarin matakai. CERN ce tushe. Ƙarƙashinta manyan cibiyoyi goma sha wani abu, irin su Lyon a Faransa, Karlsruhe a Jamus, Bologna a Italiya, Fermilab da Brookhaven a Amurka. Ƙarƙashinsu kuma ɗimbin jami'o'i. A yau haɗin ya kai masaukai wajen 170 a ƙasashe sama da 40.

A nan ne aka yi wata muhawara da, a ganina, ta fi kowace muhimmanci a tarihin nan, ko da yake ba a cika ba da labarinta ba. Manhajar EGEE, wadda aka sa wa suna gLite, kamar ta shirin gwajin da ya gabace shi, dillali ce mai yawan sharuɗɗa. Tana son masauki ya ɗora wani nau'in Linux na musamman, ya kuma sa ɓangarorinta a kan kowace kwamfutar da za ta yi aiki. Ga cibiyar da aka gina don CERN kaɗai, ba damuwa. Amma a ƙasashen Sikandinebiya injunan jami'o'i na haɗaka ne, masu nazarin yanayi da masu harhaɗa magunguna duk da su suke aiki, kuma masu kula da su suka ƙi a taɓa musu cikin gida. Saboda haka ƙungiyar NorduGrid ta fito da tata manhajar a 2002, wadda aka san ta da ARC daga baya, bisa ƙa'ida guda: komai ya tsaya a ƙofa. Kwamfutar ƙofa ita za ta jawo bayanai, ta miƙa wa na ciki, ta karɓi sakamako ta mayar. Shekara 20 bayan haka gLite ta zama tarihi, ARC kuwa tana aiki har yanzu. Baƙon da bai nemi a canza masa tabarma ba ya fi daɗewa.

Ba fiziks kaɗai aka yi da girid ba. A daminar 2005 wasu masu bincike na Faransa da Jamus suka yi amfani da EGEE wajen neman maganin zazzaɓin cizon sauro, a shirin da suka kira WISDOM. Sun gwada a kwamfuta yadda sinadarai daban-daban za su manne wa wani furotin na ƙwayar cutar, gwaji sama da miliyan 40 cikin mako shida, aikin da zai ci kwamfuta ɗaya kimanin shekara 80. Cutar ta damina ce a Gombe da Kumo da Bajoga, lissafin kuwa a Turai aka yi shi, domin can masaukan suke.

Dalilin ba ya ɓuya in aka dubi hanyar da jami'o'inmu ke bi su shiga intanet a lokacin. Wayar ƙarƙashin teku guda ce ta sauka a Legas, SAT-3, kuma tsadarta ta sa jami'o'in arewa suka dogara da faranti da tauraron ɗan'adam. A 2005 gidauniyoyin Carnegie da Ford da MacArthur da Rockefeller suka haɗa jami'o'in Afirka 11, har da Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, suka saya musu hanya a dunƙule don farashi ya sauka. Jimillar abin da aka saya megabit 93 ne a daƙiƙa, na kowa da kowa. A daidai waɗannan shekaru CERN tana ja wa kowace babbar cibiya layin gigabit 10 nata ita kaɗai, ninki ɗari da ɗoriya. Manhajar tsakani kyauta ce, duk mai so zai sauke. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

An dai yi yunƙuri. A 2006 hukumar UNESCO da kamfanin HP suka fara wani shiri na haɗa jami'o'in Afirka da 'ya'yansu masana da ke ƙasashen waje ta hanyar girid, a Aljeriya da Gana da Najeriya da Senegal da Zimbabuwe. A Najeriya Jami'ar Nsukka aka zaɓa. A 2008 Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar ta kunna nata masaukin da taimakon masana Faransa. Afirka ta Kudu ta fi kowa nisa, domin gwamnati ce ta gina cibiyar manyan kwamfutoci a Cape Town, take biyan albashi da wuta, har cibiyar ta shiga cikin masu yi wa CERN lissafi. Bambancin yana nan. Shirin tallafi yana iya kawo injuna da horon mako biyu. Dizal na shekara biyar ba ya cikin kwali, haka ma albashin da zai hana matashin da aka horar tafiya banki ko kamfanin waya.

Yarjejeniyar girid ɗin CERN ta rubuta abin da ake nema daga masauki ƙarara. Jami'ar da ke mataki na ƙasa sai ta kasance a shirye kashi 95 cikin ɗari na lokaci, kuma akwai gwaje-gwajen da ke ƙwanƙwasa ƙofar kowane gida a kai a kai, a wallafa sakamako kowane wata. A wata mai kwana 30, awa 36 ke nan kacal aka yafe. Mutumin Gombe zai iya yin lissafin da kansa. Ga zafin Maris da Afrilu da ke kai ma'aunin 40, ɗakin injuna kuwa in sanyi ya yanke masa na ɗan lokaci kashe kansa yake yi. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Madatsar Dadin Kowa, wadda ba ta kai kilomita 40 daga garin ba, tun a shekarun 1980 aka gina ta, amma injunanta na megawat 40 ba su fara ba da wuta ba sai da aka shiga shekarun 2020. Yaron da aka haifa shekarar da aka tare ruwan ya yi 'ya'ya kafin ya ga hasken.

Kada a ɗauka masaukan Turai ba su ba da ciwon kai ba. A shekarun farko ayyuka da yawa suna mutuwa a hanya: allon gida ya ce akwai wuri alhali babu, ko faifai ya cika, ko wata manhaja ta tsufa a kwamfuta ɗaya cikin ɗari sai ta riƙa haɗiye duk aikin da ya faɗa mata. Masana fiziks suka gaji, suka koma dabarar ayari. Maimakon a tura kaya kai tsaye, sai a fara tura jagaba, wato aiki marar komai a ciki. Shi zai bi layin ɗan kamasho, in ya samu kwamfuta ya dudduba lafiyarta, sannan ya kira gida ya ce a turo kaya. Cikin ƙungiyoyin binciken LHC, ATLAS ta gina PanDA a kan wannan, LHCb ta gina DIRAC, ALICE kuma AliEn. Bayan haka aka zo da CVMFS, wadda ke kawo manhajojin bincike ta hanyar yanar gizo ba sai mai gida ya ɗora su da hannu ba, daga bisani kuma aiki ya fara zuwa a ƙunshe da guzurinsa, har da nau'in Linux ɗin da yake so. Kowane mataki ragi ne a kan abin da dillali ke nema daga fatoma. Ranar 4 ga Yulin 2012, da aka sanar da gano ƙwayar Higgs, shugaban CERN Rolf Heuer ya ambaci girid cikin abubuwan da suka sa aka kai ga nasarar. Shekara biyar da rabi bayan haka, a farkon 2018, masu Globus suka daina kula da tsohuwar manhajarsu, wasu masu sa kai suka ɗauka. Kasuwa ta riga ta karkata ga hayar kwamfuta daga manyan kamfanoni, abin da Amazon ya fara a 2006.

A Najeriya kuwa sai a lokacin hanya ta fara buɗewa. Wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 sun fara aiki a Legas a 2010, wasu suka biyo baya a 2012, farashi ya faɗi a bakin teku, ko da yake jawo wayar gilashi zuwa arewa maso gabas wani aiki ne dabam. A 2014 aka ƙaddamar da hanyar sadarwar NgREN ƙarƙashin hukumar jami'o'i ta ƙasa da tallafin Bankin Duniya, ta haɗa tsofaffin jami'o'in tarayya 27. Gombe ta faɗa tsakiya: jami'ar cikin gari ta jiha ce, ta tarayya da ke Kashere kuwa a 2011 aka kafa ta, tana fama da ginin azuzuwa.

Ta wata ƙofa dabam darasin ya shigo garin, kuma iyaye ne suka fara koyonsa kafin malaman fiziks. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta rufe babin takarda da fensir a 2015. Wannan ba girid ba ne a ma'anar Foster, tunda hukuma ɗaya ce ke ba da umarni, amma rabon aikin iri ɗaya ne. Manhaja da tambayoyi na hukuma ne. Ɗaki, da kwamfutoci 250 da 'yan kari, da babbar kwamfutar da ke rarraba tambayoyin, da wayoyi, da janareta, da sanyi, duk na mai cibiya ne, makaranta ce ko ɗan kasuwa. Hukuma tana zuwa ta duba, ta yi gwaji, ta soke sunan wanda ya gaza. Duk uban da ya taɓa kai 'yarsa cibiya da asuba ya san cewa makin ba a kan karatu kaɗai ya rataya ba, har da lafiyar janaretan wani.

Kuskuren kuma ba kullum daga masauki yake fitowa ba. A Mayun 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa an samu tangarɗa a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, domin wani gyaran manhaja bai isa wasu manyan kwamfutocin yadda ya kamata ba. Ɗalibai kusan 380,000 suka sake zama. Masu kula da masaukan Turai na 2005 za su gane wannan ciwo da kallo ɗaya: saƙo ya fita daga tsakiya, wasu gidaje sun karɓa, wasu ba su karɓa ba, allo kuma yana nuna komai lafiya.

Malamin Gombe da ke da lissafi mai nauyi a yau yana da zaɓin da na 2004 ba shi da shi. Zai iya hayar injuna a waje, in ya iya biya da dala bayan faɗuwar naira ta 2023. Zai iya roƙon gurbi wurin abokin bincike a Cape Town ko Turai. Sashensa ma zai iya haɗa 'yan kwamfutoci a ɗaki ɗaya, da faifan sola da batura, domin abin da manhajar zamani ke nema daga masauki ya ragu ƙwarai: injin da ke kunne, hanyar fita zuwa intanet, da mutum ɗaya da zai amsa saƙo in abu ya lalace.

Wutar da hanyar intanet ɗin ne suka yanke a 2024. Ranar 14 ga Maris wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da harkar banki suka tsaya cak a sassan Najeriya. Ba a yi mako shida ba, cikin Afrilu, ɓarayin ƙarfe suka kayar da turaku huɗu a kan layin Jos zuwa Gombe. Gombe da Yola da Jalingo suka yi makonni ana gyara, a tsakiyar bazara, a watan da ɗaliban jihar ke zaune gaban kwamfutocin JAMB, janareta na ruri a bayan taga.